Zauren Injiniya: Daga turmin ƙuli-ƙuli zuwa hasumiyar Lekki

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, huɗu daga ciki a gona ɗaya suka faɗa: yadda ake raba abubuwan da suka gauraya, wato darasin da muke koya wa ɗaliban injiniyancin sinadarai a aji uku da aji huɗu. Shekara 17 ke nan ina koyar da shi a nan Legas, saboda haka an sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Masu tambaya kan batirin sola su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Malam, bara aka ɗauke ni aikin koyarwa a wata jami'a a nan Legas. Wannan zango aka danƙa mini darasin rarrabewa na 'yan aji uku, su kusan 120. Ina cika allo da lissafi, suna kwafa, amma da na yi musu gwaji na ɗan sauya lambobi sai fiye da rabi suka zube. Hasumiyar gwajin da ke ɗakin bincikenmu kuwa, wato doguwar na'urar da ake dafa gauraye a cikinta a raba shi da tururi, ta daɗe da mutuwa. Ta ina zan kama?
Daga wani matashin malami, Idi-Araba

AMSA: Ƙanena, barka da shigowa sahu. Abin da ya same ka ya same ni a shekarata ta farko, kuma ni ma ɗalibai na ɗora wa laifi kafin in gane nawa ne. Ranar farko na buɗe musu da dokar Raoult, ta lissafin tururin da ke tashi daga gaurayen ruwa-ruwa, alhali ba su san me ake son rabawa da me ba, balle dalilin da zai sa ya yarda ya rabu.

Yanzu ranar farko ba na taɓa allo. Da jakar Bacco nake shiga aji, a ciki akwai rariya, gorar zoɓo, ƙullin gishiri da ƙuli-ƙuli guda biyu. Sai in ɗaga ɗaya in ce: kafin wannan ya zo hannuna an raba wani abu da wani, mene ne, kuma wane bambanci aka kama aka raba su? Rariya girman ƙwaya take kamawa. Mai shiƙa nauyi take kamawa, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba. Launin zoɓo da tsaminsa sun fi son ruwa a kan busasshen soɓorodo, shi ya sa suka bi ruwan. Gishiri kuwa, ruwa yana tashi in ya sha rana, shi yana nan zaune. Yawancin ɗalibaina Yarbawa ne da Ibo, ba duka suka san shiƙa ba, amma kowa ya ga ana matse rogo a buhu, kowa ya ga ana tace kamu, wanda su ke kira ogi. Tun daga nan har matatar mai tambayar ba ta sauyawa, sai dai wata da ke biye da ita: nawa za a biya? Gauraya kyauta ce, ka jefa sukari a shayi ya narke da kansa. Ka ce za ka fito da shi ka ga aiki. An ƙiyasta cewa ayyukan rarrabewa a masana'antu suna cin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na makamashin da duniya ke ƙonawa, kuma tafasawa ce ta fi cin kason.

Ƙuli-ƙulin nan ba don ado nake kawo shi ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sana'arta ke nan a Tudun Wadan Zariya. Za ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juya taɓarya, har ka ga ƙullun ya dunƙule, mai yana tsattsafowa yana kwanciya a gefe. In hannu ya zarce ruwan ya yi yawa, aikin ranar ya ɓaci, man ya ƙi fita. Ina jami'a kafin in san dalili: ruwan yana jiƙa daskararren ɓangaren gyaɗar ya manne da juna ya saki man, zafin kuma yana tsinka man ya yi saurin gudu. A nan nake ba su lissafinsu na farko. Gyaɗa kilo 100 tana ɗauke da mai kilo 45 zuwa 50. Mu ce 45, mu ce mai ƙuli ta samu 30. Ina sauran 15? Wasu sai su ce ya ɓace. Bai ɓace ba, yana cikin tunkuza, shi ne ma sirrin daɗin ƙuli-ƙulin gida. Babban kamfani ba ya yarda da wannan kyauta. Yana wanke tunkuzar da wani sinadari mai suna heksen har abin da ya rage na mai ya yi ƙasa da kashi 1 cikin 100, sannan dole ya dafa a fitar da heksen ɗin daga man, tunda shi a wajen digiri 69 yake tafasa. Ka ga wata rabawar ta haifi wata. Ɗalibin da ya saba tambayar “ina sauran?” ya riga ya iya lissafin shiga da fita, kuma wannan lissafi shi ne ƙashin bayan darasin. Ina kyautata zaton a nan naka suka zube, ba a wuyar dabarun ba.

Sati na biyu, mataki. Kada ka fara da hasumiya, ka fara da wanki. Duk wanda ya taɓa sayen jarka a hannun mai ruwa a Legas ya san ruwan ɗauraya kuɗi ne. Riga bayan an matse ta tana riƙe da ruwan sabulu, mu ce lita 1. Kana da lita 9 na ruwa mai kyau. In ka juye duka lokaci guda, sabulun da zai rage a rigar kashi 1 cikin 10 ne. In ka raba ruwan gida uku, lita uku-uku, kana matsewa tsakani, kowace ɗauraya tana barin rubu'i, uku a jere su bar kashi 1 cikin 64. Ruwan bai ƙaru ba, tsaftar ta ninka sau shida da ɗoriya. Ka bari su yi lissafin da hannunsu, kada ka faɗa musu. Daga nan ka tambaye su abin da iyayenmu mata ke yi da ruwan ɗaurayar ƙarshe na fararen kaya. Ba a zubar da shi, da shi ake ɗaurayar farko ta kayan da ke biye. Tufa tana tafiya gabas, ruwa yana tafiya yamma, mafi tsaftar ruwa yana gamuwa da mafi tsaftar tufa. A kan wannan aka gina kowace hasumiya da za su gani a rayuwarsu.

Batun na'urarku da ta mutu, ka ci gaba da rubuta takardar neman gyara, amma kada ka zauna jiranta. Ni da tamu ta tsaya, butar shayi na samo, da bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, da bokitin ƙanƙara, da ƙaramin kan gas. Muka nannaɗe bututun cikin bokitin, muka cika butar da zoɓo ja wur, muka kunna wuta a farfajiya. Ɗigon farko da ya sauko cikin kofi fari ne tas. Wani yaro da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya matso ya ɗaga kofin sama, ya shinshina, ya ce, “Malam, ina jan ya tafi?” Na ce ya buɗe butar ya duba. Gani ya kori ji. Ka dai tsaya ga ruwan zoɓo da ruwan gishiri, kada ka kusanto da abu mai kama wuta kusa da kan gas.

Abu biyu kuma, a taƙaice. Kwamfuta sai daga baya. Manhajojin lissafi irin su Aspen HYSYS da DWSIM, wanda shi kyauta ne, suna da amfani ƙwarai, amma wanda bai taɓa fitar da amsa da fensiri ba, duk shirmen da injin ya tofo masa karɓa zai yi. Sannan kada tacewa ta tururi ta cinye maka zangon, ka zo sati na ƙarshe kana ratsa darasin busarwa da na tacewa da tantani da na tsotsewa a guje. Wannan kuskure na daɗe ina yi. Ka duba inda yaranmu ke samun aiki: Ikeja, Ilupeju, Apapa, Agbara, kamfanonin abinci da lemo da magani da fenti da ruwa. Mai busar da madara ko mai tace ruwa ya fi mai tsaron hasumiyar ɗanyen mai yawa a cikinsu.

TAMBAYA: Malam, ina aji huɗu. Na iya zana matakalar McCabe da Thiele, wato zanen da ake ƙirga farantan hasumiya da shi, ina cin maki a kanta, amma wallahi ban gane abu ɗaya ba. Don me za a sha wahala a tace abu ya fito fes a saman hasumiya, sannan a sake mayar da wani kaso ciki? Ba asara ba ce?
Daga wata ɗaliba, Obalende

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Da yawa sun gama digiri da wannan tambaya a ciki ba su furta ba.

Mu ɗauki benzin da toluwin, sinadarai biyu masu ruwa-ruwa, misalin da ke kowane littafi. Benzin yana tafasa a digiri 80, toluwin a wajen 111. In kika dafa gaurayensu, benzin ya fi ɗan'uwansa saurin tashi kusan sau biyu da rabi. Ki ajiye kaso cikin ɗari tukuna, ki ƙirga su kamar awaki da tumaki. A tukunya suna ɗaya da ɗaya. Tururin da ya tashi zai zama biyu da rabi da ɗaya, wato benzin kashi 71. Ki sanyaya wannan tururi ya koma ruwa, ki sake dafawa: shida da kwata da ɗaya, kashi 86. Na uku kashi 94, na huɗu kashi 97 da rabi. Kowane faranti a cikin hasumiya ƙaramar tukunya ce da ke yin wannan ninki sau ɗaya, kuma kowace ƙafar matakala da kike zanawa faranti ɗaya ce. Lissafin Fenske na 1932 da kuke haddacewa ba wani abu ya ƙunsa ba illa wannan ninkin.

To ga inda tambayarki ta shigo. Tururi yana hawa daga tukunyar gindi. In ya iso faranti ya tarar da shi a bushe, da wa zai yi musaya? Wucewa zai yi kamar hayaƙi a bututu, yadda ya shiga haka zai fita, ko farantan sun kai ɗari. Dole ya tarar da ruwa kwance a kai, ya kutsa ta cikinsa yana ɓulɓulowa, toluwin ɗin da ke cikin tururin ya kwanta a ruwan, zafin da ya saki ya tayar da benzin ɗin da ke cikin ruwan. Wannan ruwa kuwa, a farantan da ke sama da inda ake zuba gaurayen, ba shi da wani tushe sai abin da aka maido daga sama. Shi ne ruwan ɗaurayar tururin, kuma tunda a can ƙoli ake son mafi tsafta, da mafi tsaftar ruwa za a ɗauraye. Ki buɗe marfin tukunyar shinkafa ki ga ɗigon da ke komawa ciki, ƙaramin misalinsa ke nan.

Asara kuwa akwai, kin yi gaskiya, domin duk ɗigon da aka maido sai an sake tafasa shi. Ciniki ne. In kika maido duka ba ki ɗebi komai ba, farantai mafi ƙaranci za ki buƙata: don samun kashi 95 a sama da kashi 5 a ƙasa, bakwai sun isa a takarda. Amma kin zama ɗan kasuwar da ke mayar da riba duka cikin jari, gida ba cefane. In kika yi ta rage abin da kike maidowa, farantan su yi ta ƙaruwa, har ki kai wani ƙaramin ƙima inda matakalarki ke maƙalewa a lungu, ko sama za ki gina hasumiyar ba za ta raba ba. Masu zane sukan tsaya a kan wannan ƙaramin ƙima sau 1.2 zuwa 1.5, tsakanin kuɗin ƙarfe da kuɗin wuta.

Ki gwada sauya biyu da rabin nan ya koma 1.1, ki ga bakwai ta haura sittin. Kusan haka abin yake tsakanin furofen da furofilin, wanda ake yin robar buhun shinkafa da shi, shi ya sa hasumiyarsu ke ɗauke da faranti sama da 100.

In kina son ganin abin da rashin maidowa ke haifarwa, ki dubi masu dafa ɗanyen mai a ɓoye a dazukan Neja Delta. Tanki ne da wuta da bututu, mataki ɗaya tal. Kananzir ɗinsu yakan fito da ragowar fetur a ciki. Kananzir na ƙwarai sai ya ɗumama ya kai wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko a cikin firiza tururinsa kamawa yake. Matar da ta zuba irin wannan a fitila ko risho ba ta san me ta sayo ba. A ɗaya gefen ga matatar Dangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, aka gina ta don tace ganga 650,000 a rana, hasumiyarta ta ɗanyen mai ta haura mita 100. Ana zafafa man zuwa wajen digiri 350 ko sama kaɗan, gas da nafta su fita ta sama, kananzir da dizal ta gefe, mai nauyi ya zauna a gindi. Ba a wuce wannan zafi sosai don kada man ya fara farfashewa, sai a kai ragowar wata hasumiya da aka zuƙe wa iska, inda zai tafasa da ƙaramin zafi.

McCabe da Thiele suna ɗaliban gaba da digiri a MIT ta Amurka suka fitar da zanen nan a 1925. Ba wanda ke gina matata da shi yau, abu biyu kacal yake iya rabawa. Ina koyar da shi ne don shi kaɗai ke nuna wa ido abin da na gama faɗa miki.

TAMBAYA: Malam, ina da ƙaramin gidan fiya wata. Injin da ke cire gishiri yana zubar da kusan rabin ruwan a kwata. Yarona ya ce mu ɗaure bututun da ke zubarwa mu huta. Ya ka gani?
Daga wani mai gidan ruwa, Ajah

AMSA: Maigida, kada ku ɗaure. Tantanin da ke cikin injin yana barin ruwa ya ratsa ne in famfo ya matsa shi da ƙarfi, gishiri ya tsaya a baya. Gishirin nan sai ya sami mai ɗauke shi, kuma ruwan da kake ganin asara shi ne ɗan dakonsa. In ka toshe masa hanya, gishiri da farar ƙasa za su daskare a fuskar tantanin, ruwa ya ragu, famfo ya wahala, ka sayi sabon tantani tun lokaci bai yi ba. Rijiyoyin burtsatse na wajenku kusa da teku suke, ga gishiri, sau da yawa ga ƙarfe, wanda ke sa ruwa ya yi ja in ya kwana. Ka tabbata ruwan yana shan iska ya bi ta tankin yashi kafin ya kai injin, in kuma kana zuba kulorin to ya bi ta gawayi, don kulorin yana cinye irin wannan tantani. Ruwan da ake zubarwa ka tara shi a tanki, ya yi wankin ƙasa da bayan gida. In kana son rage shi, a auna ruwan rijiyarka tukuna, wanda ya san injin ya saita maka gwargwadon abin da awon ya nuna.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana karatun injiniya irin naku. Ya zo hutu na ji yana faɗa wa ƙannensa wai a makaranta suna tace giya. Hankalina bai kwanta ba. Abin da na tura shi ya koyo ke nan? In ka shigo Agege ka leƙo mu gaisa.
Daga wani Alhaji mai sayar da shanu, Abbatuwa

AMSA: Ranka ya daɗe, Alhaji, hankalinka ya kwanta. Yaron ya yi wa ƙannensa burga ne da kalmar da bai kamata ba. Abin da suke tacewa sinadarin etanol ne gauraye da ruwa, irin wanda ke cikin sifirit na asibiti da man goge hannu da muka yi ta shafawa lokacin korona. Ba a sha, ba a ɗanɗanawa, a ɗakin gwaji ko ruwan sha ba a yarda a shiga da shi ba. Muna zaɓensa ne don yana da araha kuma ya fi sauran sauƙin haɗari: benzin yana jawo sankarar jini, metanol yana makantarwa. Yana kuma da wata koyarwa da ba a son ɗalibi ya rasa. In ana tace shi, da ya kai wajen kashi 96 cikin 100 sai ya tsaya cik, tururinsa da ruwansa su zama iri ɗaya, ko an ƙara faranti dubu ba ya gaba. Dole yaro ya nemi wani bambancin ya kama, misali wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙananan ramuka da ke tsotse ruwan su bar etanol.

Hukuncin taɓa shi a Shari'a ba fagena ba ne, malaminka na zaure ya fi ni, ka kai masa bayanin yadda na yi maka shi. Abin da zan iya ƙarawa shi ne sana'ar ba baƙuwa ba ce a wajen Musulmi. Al-Kindi, a Bagadaza a ƙarni na 9, ya yi rubutu kan yadda ake tatsar turare da ruwan wardi ta hanyar tururi, kuma sunan da Turawa ke kiran tsohuwar tukunyar tacewa da shi daga Larabcin al-anbiƙ suka aro.

Gayyata kuma na karɓa, na gode. Ranar Asabar in gosulon Oshodi ya sake ni zan iso bayan la'asar, a ce wa injiniyan ya jira ni da littafinsa na ɗakin gwaji.